Rusa Ƙungiya Mai Rajista: Kafanchan Ba Ta da Hurumi, Jos Ba Ita Ce Hanya Ba

KAFANCHAN. Duk wanda ya san kudancin Jihar Kaduna ya san ƙasa ce ta ƙungiyoyi. Tun daga Kwoi da Kagarko har zuwa Zonkwa da Saminaka, da wuya a sami gari ko ƙabila da ba ta da ƙungiyar raya ƙasa. Ga ta tsofaffin ɗalibai, ga kwamitocin masallatai da na majami'u, ga ƙungiyoyin mata, ga na 'yan kasuwar citta, ga kuma ƙungiyoyin agaji da aka kafa bayan kowace tarzoma, musamman daga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992. Da yawa daga cikinsu sun yi rajista da Hukumar Kula da Harkokin Kamfanoni ta Ƙasa, wadda aka fi sani da CAC, sun karɓo takardar shaida sun rataye a bangon ofis, sun buɗe asusu a banki, wasu har sun mallaki filaye da shaguna da makarantu.

Ranar bikin buɗewa ba mai tunanin ranar rufewa. Amma ƙungiyoyi suna mutuwa kamar yadda kasuwanci yake mutuwa. Kuɗin masu ba da tallafi daga waje yakan ƙafe, dattawan da suka kafa ta sukan rasu, ko kuwa rigimar shugabanci ta raba ta biyu. A nan ne ake tarar da cewa ƙungiyar da hukuma ta yi wa rajista ba ta mutuwa don membobinta sun daina zuwa taro, ba ta kuma mutuwa don sun taru sun ɗaga hannu sun ce an rusa. A idon doka tana nan da ranta, filinta nata ne, kuɗinta na banki nata ne, har ranar da kotu ta ba da umurni. Kotun kuwa ba kowace ba ce.

Akwai Babbar Kotun Jiha a Kafanchan, wadda take sauraron manyan shari'o'in yankin, na ƙasa da na bashi da na laifi. Mutumin Kagoro ko na Gidan Waya da ya ji an ce sai an je babbar kotu, can tunaninsa zai tafi. To, wannan kotu ba ta da ikon rusa ƙungiyar da CAC ta yi wa rajista. Haka ma Kotun Shari'ar Musulunci da Kotun Gargajiya, ko da ƙungiyar ta masallaci ce ko ta ƙabila. Dokar Kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ta ce a sashe na 850 kotu ce take rusa irin wannan ƙungiya, sannan a sashen da ya fassara kalmomin dokar ta fayyace cewa kotun da take nufi ita ce Babbar Kotun Tarayya. Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya ɗaure zancen a sashe na 251, inda ya keɓe wa wannan kotu ita kaɗai duk al'amuran da suka taso daga aiwatar da dokar kamfanoni.

Ba haka abin ya faro ba. A zamanin Turawa, majami'u da sauran jam'iyyu suna yin rajistar amintattunsu ne a ƙarƙashin wata doka ta 1924, wadda manufarta ita ce ƙungiya ta iya riƙe fili da sunanta ba tare da an sake takarda duk lokacin da wani dattijo ya rasu ba. Dokar soja mai lamba 1 ta 1990, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, ita ta soke waccan, ta kafa CAC, ta kuma tattaro kamfanoni da sunayen kasuwanci da amintattun ƙungiyoyi a inuwa guda. Ƙungiyoyin da suka yi rajista a tsohuwar dokar aka ɗauke su tamkar sun yi a sabuwa. Ita kuma Babbar Kotun Tarayya an kafa ta ne a 1973 da sunan Kotun Kuɗaɗen Shiga ta Tarayya, Tsarin Mulkin 1979 ya ba ta sunan da take amsawa yanzu. An daɗe ana ja-in-ja tsakaninta da kotunan jihohi a kan iyakar kowa, har dokar soja mai lamba 107 ta 1993 ta faɗaɗa ikonta ta keɓe mata jerin al'amura, waɗanda daga baya aka kwashe su kusan yadda suke aka zuba cikin Tsarin Mulkin 1999.

Reshen wannan kotu na Jihar Kaduna yana birnin Kaduna. Daga Kafanchan, in an bi ta Zonkwa da Kachia, tafiya ce ta kimanin kilomita 200. Jos kuwa, wadda ita ma take da nata reshen, kusan rabin wannan tafiya ce, kuma can mutanen Kafanchan suka saba nufa tun da jirgin ƙasa ya haɗa garuruwan biyu a 1927. Saboda haka ba abin mamaki ba ne amintaccen wata ƙungiya ya ce wa lauya, tun da kotun tarayya ɗaya ce a duk ƙasa, me zai hana a shigar da takarda a Jos a huta.

Gaskiya ne kotun ɗaya ce. Dokar da ta kafa ta ta ba ta iko a duk faɗin tarayya, rassan kuwa Babban Jojin kotun ne yake yanka su domin sauƙin aiki. Amma akwai ƙa'idar inda ake shigar da ƙara, kuma a nan ne ya zama dole a san irin rajistar da ƙungiya ta yi, domin iri biyu ne, hukuncinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Iri na farko shi ne wanda aka fi yi: a zaɓi dattawa a matsayin amintattu, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan a ba da takardar shaida. Dokar 1990 ta yarda da amintacce ko da guda ɗaya ne, ta 2020 ta ce sai biyu ko fiye. Iri na biyu shi ne kamfanin da ba shi da hannun jari, membobinsa ne suke tsaya masa da lamuni, suna alkawarin biyan wani adadi in an zo rufe shi. Dokar 2020 ta ce jimlar lamunin kada ta gaza Naira 100,000, alhali a dokar 1990 Naira 10,000 ce, kuma ana neman amincewar Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya kafin a yi masa rajista. Wasu gidauniyoyi da makarantu da ƙungiyoyin masu sana'a sukan zaɓi wannan.

Ga iri na biyu doka ba ta bar kafa ba. Tun da kamfani ne, sashe na 570 na dokar 2020, wanda shi ne na 407 a tsohuwar doka, ya ce kotun da za ta rufe shi ita ce Babbar Kotun Tarayya da ofishinsa na rajista ko hedkwatarsa take cikin yankinta. Sashen ya ƙara da wani sharaɗi mai hikima: abin da ake dubawa shi ne wurin da kamfanin ya fi daɗewa yana gudanar da harkokinsa cikin watanni shida da suka gabaci shigar da takardar. An yi haka ne don kada shugabanni su ga rigima ta tunkaro su ɗauke allon ofis daga Kafanchan su kafa a Legas ana saura mako guda. Kotuna sun riƙe wannan ƙa'ida da ƙarfi tun kafin dokar 1990. A shari'ar Medicore da Labwares ta 1985, kamfanin da ake son rufewa ofishinsa yana Ilori, aka shigar da takarda a Legas, kotu ta ce ba a nan ba ne.

Ga iri na farko kuwa, sashe na 850 bai ambaci gari ba. Sai a koma ga Ƙa'idojin Shari'ar Babbar Kotun Tarayya na 2019, waɗanda gundarinsu shi ne a shigar da ƙara inda wanda ake ƙara yake zaune ko yake gudanar da mafi yawan harkarsa, ko inda musabbabin ƙarar ya faru. Ƙungiyar da ofishinta yake Kafanchan, amintattunta suke Jama'a da Kaura da Zangon Kataf, kadararta take nan, ko ta wace fuska aka auna, Kaduna za ta. Wasu lauyoyi sukan sa CAC cikin waɗanda ake ƙara domin su sami hujjar zuwa Abuja, inda hedkwatar hukumar take. Dabara ce da takan ci wani lokaci, amma hukumar tana da ofis a Kaduna, kuma ɗaya ɓangaren yana da damar neman a mayar da shari'ar inda ta dace. Wanda ya ja tsofaffin amintattu zuwa Abuja don kawai ya gajiyar da su, alƙali ba ya rasa gane manufarsa.

Akwai inda Jos take zama daidai. Reshe ba shi da rai na kansa a idon doka. Majami'ar da take Kagoro ko makarantar Islamiyya da take Kafanchan, in a ƙarƙashin takardar rajistar uwar ƙungiya take aiki, ba a rusa ta a kotu, domin ba ita aka yi wa rajista ba. Rufe ta al'amari ne na cikin gida, bisa tsarin mulkin ƙungiyar. Ikilisiyar ECWA, wadda take da ɗimbin mabiya a wannan yanki, hedkwatarta tana Jos. Jama'atu Nasril Islam tata tana Kaduna. Ɗan kasuwar da zai sayi fili ko ya ba da kaya bashi ga wani reshe, ya kamata ya fara tambayar sunan wa ke kan takarda, kuma ina masu sa hannu suke zaune.

Kuskuren reshe da kuskuren kotu ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya kai takarda Jos maimakon Kaduna yana iya samun a mayar masa da fayil, ya yi asarar watanni da kuɗin mota. Wanda ya kai ta Babbar Kotun Jiha kuwa ya gina ɗaki a kan yashi. Tun a shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 aka kafa cewa hukuncin kotun da ba ta da hurumi banza ne, komai kyan yadda aka gudanar da shari'ar, kuma ana iya tayar da zancen hurumi a kowane mataki, ko da an kai Kotun Ƙoli. Yardar ɓangarorin biyu ba ta ba kotu ikon da doka ta hana ta. Akwai ma wani rashin daidaito da ba kowa ya sani ba. Sashe na 22 na dokar Babbar Kotun Tarayya ya ba ta damar miƙa wa kotun jiha ƙarar da aka kawo mata bisa kuskure. Amma a shari'ar Fasakin Foods da Shosanya ta 2006, Kotun Ƙoli ta ce dokar tarayya ba za ta tsara wa kotun jiha yadda za ta yi aikinta ba, don haka in dokokin jihar ba su ba ta ikon miƙawa ba, sai dai ta kori ƙarar a koma a faro daga tushe.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa duk rigimar da sunan ƙungiya ya fito a cikinta ta Kaduna ce. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma shi ya fi cin 'yan kasuwa. Wanda ya kai wa wata gidauniya buhunan siminti ko takin zamani ba a biya shi ba, ƙararsa ta bashi ce, a Kafanchan zai shigar da ita. Kotun Ƙoli ta yanke a 2005, a shari'ar Onuorah da kamfanin Matatar Mai ta Kaduna, cewa Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumi a kan yarjejeniyar ciniki zalla. Haka nan jayayya a kan mallakar fili, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba ta ba kotun tarayya ita ba. Abin da ake dubawa shi ne abin da mai ƙara yake roƙo. In roƙonsa a biya shi ne ko a tabbatar masa da iyakar fili, gida zai tsaya. In kuwa a rusa ƙungiya ne, ko a warware wane ne halastaccen amintacce bisa dokar kamfanoni, sai ya kama hanyar Kachia. Sau da yawa rigima ɗaya takan rabu gida biyu, rabi a nan rabi a can, kowanne da lauyansa da ranar zamansa.

Wa ke da bakin neman a rusa? Sashe na 850 ya ba majalisar gudanarwar ƙungiya, ya ba amintacce ɗaya ko fiye, ya ba membobin da suka kai rabin jimlar 'yan ƙungiya, ya kuma ba CAC. Mai bin bashi ba ya ciki. Wannan babban bambanci ne da kamfani, inda wanda yake bin bashin da ya kai adadin da doka ta ƙayyade, ya rubuta takardar neman biya aka yi mako uku ba a biya ba, yake iya neman a rufe kamfanin ɗungum. Da ƙungiyar amintattu, makamin ɗan kasuwa shi ne ya sami hukuncin bashi, ya nemi a kama kadara ko asusun banki. In kuma wasu suka shigar da takardar rusawa, doka ta ce a sanar da duk wanda kotu ta ga haƙƙinsa zai taɓu, kuma sai an biya basussuka kafin a taɓa ragowar dukiya. Sai dai mai shago a kasuwar Kafanchan ba ya karanta allon sanarwar kotu a Kaduna. Wanda yake bin ƙungiya kuɗi, gara ya sa bashinsa a rubuce, da sa hannu da hatimi, ya kuma aika wa amintattu wasiƙa tun da wuri, don kada a ce ba a san da shi ba.

Sharaɗin rabin membobi yana da sauƙin faɗi. Ƙungiyar raya gari wadda 'ya'yanta suka bazu a Kaduna da Kano da Legas da Fatakwal, wadda kowane ɗan ƙabila yake ɗaukar kansa memba tun daga haihuwa, ina littafin da za a ƙirga rabinsa? Shi ya sa hanya mafi gajarta ita ce ta amintattu, in suna raye. In sun rasu ba a maye gurbinsu a rajistar CAC ba, abin da yake faruwa ƙwarai, sai an fara gyara wannan tukuna.

Dalilan da kotu take karɓa kaɗan ne: an cim ma manufar da aka kafa ƙungiyar dominta, ko wa'adin da aka ɗibar mata ya cika, ko manufofinta duka sun zama haramun a doka ko sun saɓa wa maslahar jama'a, ko kuwa adalci ya nuna rusawar ita ce daidai. Dokar 2020 ta ƙara da halin da hukuma ta janye ko ta soke takardar rajista. A ƙarƙashin dalilin adalci ne ake shigar da yawancin rigingimun da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa.

Abin da yake kashe wa mutane jiki shi ne makomar dukiya. Ba a raba ta tsakanin membobi. Bayan an biya bashi, ragowar sai a miƙa wa wata ƙungiya mai manufa irin tata, wadda ita ma tsarinta ya hana rabon dukiya ga 'ya'yanta. Membobi ne suke zaɓen wadda za a ba, a lokacin rusawa ko kafin nan, in hakan ya faskara sai a sa dukiyar a wata hanyar jinƙai. Wanda ya ba da gudummawar buhu goma na citta aka gina zauren taro, ba zai karɓi ko kwano ɗaya na rufin ba. Hikimar a fili take, domin da an yarda a raba, da kowace ƙungiya mai fili a bakin titi ta sami masu yi mata fatan mutuwa. Amma sakamakonsa shi ne ba wanda yake da ribar da za ta sa ya ɗauki nauyin lauya da zirga-zirgar Kaduna. Sai a bar gawar a ɗaki. Asusu ya kwanta a banki, shago ya koma hannun ɗan wani marigayi amintacce, bayan shekaru a sayar wa baƙo fili da takardar da ba ta da tushe, shi kuma ya gina, ranar da wani ya tono tsohuwar takardar rajista a shiga shari'a.

Dokar 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta na shekarar, ta so ta gajarta wannan hanya. Ta ba CAC ikon dakatar da amintattu da naɗa masu riƙo, ta umurci bankuna su sanar da hukumar asusun ƙungiyoyin da suka kwanta, ta kuma buɗe ƙofar karkatar da kuɗin zuwa wata ƙungiya. Shugabannin addini suka ce ba su yarda ba. Ƙarar farko da Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, ta shigar, an yi watsi da ita a Disambar 2021 saboda sunan da aka rubuta a takardun ƙara bai dace da na takardar rajistarta ba, abin da ya isa gargaɗi ga ƙananan ƙungiyoyin da suke amsa suna uku a gari ɗaya. A Afrilun 2023 kuma, Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da lauya Emmanuel Ekpenyong ya shigar, ya soke sashe na 839 da na 842 zuwa 848 da na 851, bisa hujjar sun saɓa wa 'yancin addini da na kafa ƙungiya. Sashe na 850 ba ya cikin waɗanda hukuncin ya taɓa.

Akwai abubuwa biyu da ake rikitawa da rusawa. Na ɗaya haramtawa. A Oktoban 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana Harkar Musulunci ta Shaikh Ibrahim Zakzaky a matsayin haramtacciyar ƙungiya, a Mayun 2023 kuma, ana saura kwanaki wa'adin Malam Nasiru El-Rufa'i ya ƙare, ta yi wa Ƙungiyar Raya Al'ummar Atyap ta Zangon Kataf irin wannan. Umurnin haramci yana tafiya ne a kan dokar laifuffuka, yana mai da taro da shugabanci abin tuhuma. Ba ya yage takardar da hukumar tarayya ta bayar, in akwai ta, ba ya kuma raba dukiya.

Na biyu shi ne ƙungiyoyin gama-kai, waɗanda manoman citta na Kachia da Jaba da Kagarko suka fi shiga, kuma da yawansu suka jigata bayan cutar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023. Su ba CAC ce take yi musu rajista ba. Daraktan Gama-kai ne, bisa dokar 1993 da dokokin jiha, shi ne kuma yake soke rajista ya naɗa mai tattara kadara da biyan bashi. Ba su da buƙatar zuwa kotun tarayya. Matsalar ita ce akwai ƙungiyoyin da suka yi rajista biyu, ɗaya a ma'aikatar jiha don neman rancen gwamnati, ɗaya a CAC don neman tallafin waje, da suna kusan iri ɗaya da shugabanni iri ɗaya. In an zo rufewa, sai an bi takardun fili da na banki ɗaya bayan ɗaya a ga wanne aka buɗe da wace takarda, domin na gama-kai a ofishin Darakta zai ƙare, na amintattu kuwa a gaban alƙali a Kaduna, inda wanda bai gamsu ba zai tarar da reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara a cikin garin.